Sabi'u da Tambayar Mai Kilishi

An yi wani mutum a wani gari, sunansa Sabi'u. Ba zamanin da can ba ne, jama'a, kada wani ya gyara zama yana jiran raƙuma da fatake. Zamanin nan namu ne na waya a aljihu. Sana'ar wannan bawan Allah ita ce gina wa 'yan kasuwa shafin intanet: ya ɗauki hoton kayanka, ya jera, ya sa lambar wayarka, mutumin nesa ya gani ya kira ka. A ƙarƙashin wani Alhaji Mamuda yake aiki, mai ɗan ofis a saman bene. Da wannan aikin yake ciyar da matarsa da 'ya'yansa da tsohuwarsa, ba shi da wata hanya.

Sabi'u ba mai surutu ba ne. In shafinka ya samu matsala ka kira shi, zai hau babur ya zo ya gyara, ko ruwa ba ya tsayawa sha. Waɗanda yake wa aikin kuwa yawancinsu ba su san kan abin ba. Wasu ma ba su taɓa buɗe shafin nasu da hannunsu ba, sai dai ya nuna musu a wayarsa su ce madalla.

Ana nan, sai Alhaji Mamuda ya sayo kyamarori da fitilu, ya ce daga yau kamfani ya fara yin bidiyon talla. Kaya suka yi ta zama a kwali, babu wanda ya leƙo. Sai ya kira Sabi'u.

Ya ce, "Neman sabon mai ciniki wahala ce. Waɗanda muka yi wa shafi, su za ka bi. Ai sun san ka."

Sabi'u ya ce, "To, Alhaji. Akwai waɗanda abin zai amfana ƙwarai."

"Ban ce maka akwai ba. Duka! Ka ce musu an canza tsari, duk shafin da babu bidiyo a kai za a daina nuna shi, ya mutu murus."

"Alhaji, ai ba a canza ba."

"Su sun sani ne? Kai dai ka faɗa. In watan nan ya ƙare ba ka kawo mini aiki ba, ka nemi wani wurin."

Ku saurara da kyau, don kada wani ya tafi gida ya ce Malam ya hana talla. Sabi'u ya yi talla iya ƙarfinsa. Ya je wurin wata mai sayar da leshi, ya ce, "Hajiya, hoto ba ya nuna ƙyallin kayan nan. In aka girgiza shi a bidiyo, mai saye za ta ga abin da za ta biya." Gaskiya ya faɗa. Ta ce sai bayan Sallah. Ya je wurin wani kafinta, ya ce sai ya yi shawara. Wannan sai an ga hali, wancan sai ya dawo daga tafiya. Babu wanda ya ji tsoro, don haka babu wanda ya yi gaggawa. Wata kuwa ya doshi ƙarewa.

Saura mutum ɗaya, Malam Tanimu mai kilishi. Dattijo ne, kuma a duniya babu wanda ya yarda da shi kan harkar waya kamar Sabi'u. Ya same shi da hantsi yana tsoma nama a labu, wato haɗin nan na tunkuza da kayan yaji, yana shimfiɗawa a rana. Suka gaisa, ya yago masa kilishi ya miƙa. Sabi'u ya kwashe bayanin bidiyo ya yi masa.

Malam Tanimu ya goge hannu, ya dube shi, ya ce, "Sabi'u, ni ka san ban san kan abin nan ba. Na ji wasu suna cewa wanda bai yi ba shafinsa zai mutu. Tsakaninka da Allah, haka ne? In ka ce in yi, yau ɗin nan ka kawo kayanku."

To, kun ji inda aka zo. Ba sai ya ƙirƙiri ƙaryar ba ma, an riga an kawo masa ita har gabansa. Kai kawai zai ɗaga. Wallahi ya ji nauyin abin, don ya tuna gida, ya tuna tsohuwa.

Ya ce, "Baba, ba haka ba ne. Shafinka ba zai mutu ba."

"To in yi, ko kada in yi?"

"Baba, yanzu ma kafin la'asar kilishinka ya ƙare, mutane na kira kana ba su haƙuri. Bidiyo ƙarin masu saye yake kawowa. In suka ƙaru, ko dai ka riƙa saɓa alkawari, ko ka riƙa kwashe nama bai gama bushewa ba. Ni a ganina, ka bari tukuna."

Malam Tanimu ya ce, "Shi ke nan, Allah ya yi maka albarka." Ya koma kan aikinsa, bai ma san abin da amsar nan ta jawo wa yaron ba.

Wata ya ƙare, Alhaji Mamuda ya sallame shi. Sabi'u bai yi gardama ba, ya miƙa mabuɗan shafukan mutane, wato lambobin sirrin shiga, gaba ɗaya, ya yi godiya, ya sauko. Ya sha wuya, kada in ɓoye muku. Sai da ya koma yi wa mutane ƙananan gyare-gyaren waya a bakin kasuwa, ranar da aka samu a ci, ranar da babu a haƙura.

Alhaji kuwa ya ce shi da kansa zai fita. Ya je wurin mai leshi da maganar an canza tsari. Ta ce, "Allah sarki. To a turo mini Sabi'u in ji." Ya je wurin kafinta, ya ce, "Ina Sabi'u?" Ya je wurin Malam Tanimu, ya zuba bayani har da nuni da hannu. Dattijo ya bari ya gama, sannan ya ce, "Alhaji, ba na musu da kai, ka fi ni sani. Amma Sabi'u ya ce ba haka ba ne."

A nan Alhaji Mamuda ya gane cewa duk shekarun nan mutanen ba ofishinsa suka yarda da shi ba. Bai so ba, amma haka ya tako har bakin kasuwa ya ce Sabi'u ya dawo. Sabi'u ya ce, "Zan dawo, Alhaji. Wanda bidiyo zai amfana, zan bi shi har ya gaji da ni. Wanda ba zai amfana ba, zan gaya masa." Alhaji ya ce ya ji. Bayan Sallah mai leshi ta yi, kafinta ma ya yi, wasu suka biyo. Malam Tanimu kuwa bai yi ba, kuma babu wanda ya sake tayar masa da zancen.

To jama'a, abin da nake so ku riƙe shi ne, wanda bai san sana'arka ba ya tambaye ka, amana ya ɗora maka, kuma amsar da ka ba shi za a tambaye ka ita. Kai bakanike, mace ta kawo mota ta ce, "Sai an canza abin nan?" Kai mai kemis, tsoho ya ce, "Dole sai mai tsadar?" Kai mai gyaran waya, kai tela, kai dillalin fili, kowannenku akwai wanda ba shi da hanyar gane gaskiya sai ta bakinku. Ku yi talla, ku yabi kayanku da abin da ke cikinsu, halal ne. Amma kada ku sayar da tsoro. Ban ce muku duk wanda aka kora saboda gaskiya za a biyo shi har kasuwa ba, wani ba za a biyo shi ba, ladansa na can. Gobe da safe wani zai tsaya a gabanka ya ce, "Tsakaninka da Allah." Ka san da wanda ya haɗa ka kafin ka buɗe baki.

Allah ya ba mu ikon faɗin gaskiya, ko da a bakin abincinmu ne.