Kocin da Ya Ƙi Karya Fatihar Wani

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba sai na kama suna ba, tun zamanin da ba a san wayar hannu ba. Sunansa Haladu. Da safe hatsi yake aunawa a kasuwa, da la'asar kuma ya rataya usur a wuya ya nufi fili, domin shi ne kocin ƙungiyar ƙwallon garin, wadda ake kira 'Yan Gangare. E, ƙwallo na ce. Na ga samarin can baya sun ɗago kai. Tun ɗazu nake magana a kan sallah kuna gyangyaɗi, yanzu an ambaci ƙwallo kowa ya wartsake. To madalla, ku matso ku saurara.

Shi Haladu da hannunsa ya kafa ƙungiyar nan. Shi ya share filin, shi ya tsince ƙaya, shi ya kafa turakun raga. Ba abin da yake samu a ciki sai dushewar murya. Ya ce a zo atisaye bayan la'asar, sai rana ta kusa faɗuwa ka ga suna tahowa ɗaya-ɗaya, wani ma da rake a baki. 'Yan gabansa kuwa, Allah ya kyauta. A ba mutum ƙwallo, ga shi ga raga, gola ya faɗi, sai ya ɗaga ta sama ta faɗa gonar mutane. Abin da ya riƙe ƙungiyar mutum ɗaya ne, golansu Lawandi, wani dogon saurayi marar yawan magana. Ba don shi ba da kullum sai an cika musu kwando.

Ga kuma uban ƙungiya, Alhaji Mamuda. Filin nasa ne, rigunan shi ya saya, saboda haka yake ganin ƙwallon ma shi ya fi kowa sani. Yana zaune a kujera yana ihu: “Cire wancan! Sa ɗan wajen ƙanwata!” Haladu sai dai ya ce, “To, Alhaji,” ya haɗiye abinsa.

A shekarar da nake ba ku labari, an kai rabin gasa 'Yan Gangare na can ƙasa. Alhaji ya kira Haladu ya ce, “Ka ji ni da kyau. In aka kore mu daga rukunin nan, na gama. Fili zan kewaye in yi shaguna, kai kuma ka koma kan mudunka.” Kun ji abin da ke gaban bawan Allah nan. Wahalarsa ta shekara da shekaru tana shirin zama shagon sayar da siminti.

Ana cikin haka sai labari ya cika gari: Isyaku ya dawo! Isyaku, wanda ake yi wa laƙabi da Guguwa, ɗan garin ne. Haladu ne ya koya masa taka leda tun yana yawo ba takalmi, daga baya wata babbar ƙungiya ta birni ta ɗauke shi. Yanzu kwantiraginsa ya ƙare, ba shi da ƙungiya, duk wanda ya riga shi ne da shi. Kuma lokacin hutun rabin gasa ne, lokacin da aka yarda ɗan wasa ya sauya sheƙa. Wallahi ranar Haladu har awo ya riƙa yi wa mutane da gyara mai yawa don murna.

Sai dai ya makara. Ranar kasuwa ce, ya ce bari a tashi tukuna. Kafin a tashi, mutanen Hayi, garin da ke tsallaken rafi, abokan hamayyarsu na tun fil'azal, sun riga sun je gidan su Isyaku.

To ku saurara nan, don nan ne gaɓar maganar. A wancan zamani ƙananan ƙungiyoyi ba su san takarda ba. In kana son ɗan wasa, zauren ubansa za ka je da dattawa, a yi magana, a raba goro, a shafa fatiha. Shi ke nan an ƙulla. Haka kowane yaro na Gangare ya shigo, haka na Hayi. Kuma haka aka yi a zauren mahaifin Isyaku: an raba goro, an shafa fatiha.

Washegari da yamma ana atisaye sai ga Alhaji Mamuda ya shigo fili, Isyaku na biye da shi. Yara suka bar ƙwallo suka hau ihu. Alhaji sai washe baki yake.

“Koci, ga ɗanka na kawo maka. Na yi masa alkawarin babur da shago. Ba shi riga.”

Haladu ya dubi yaron, zuciyarsa ta yi tsalle, don Allah ya sani yana son yaron nan a ƙungiyarsa kamar ya yi me. Amma ya ce, “Isyaku, na ji an ce mutanen Hayi sun je gidanku.”

Isyaku ya sunkuyar da kai. “Sun je, Baba Koci.”

“An shafa fatiha?”

“An shafa. Amma ni nan nake so. Da kun riga su...”

Alhaji ya katse shi. “Fatihar me? Ya sa hannu a wani wuri ne? Wa zai kama mu?”

Haladu ya ce, “Alhaji, ranka ya daɗe, ni ɗan kasuwa ne. In na sallama wa mutum buhun gero, ko bai ɗauka ba, ko wani ya zo da ƙari, ya zama nasa. Yaron nan an sallama shi. Ba zan ba shi riga a kan fatihar wasu ba.”

“Ka san abin da kake yi kuwa? Ƙungiyarka za ka kashe!”

“Na sani, Alhaji. Ka yi haƙuri.”

Alhaji ya zazzaga masa ta cikinsa a gaban yaran da yake koyarwa. Ba irin sunan da bai kira shi ba. Haladu ya tsaya kansa a ƙasa. Golan nan Lawandi yana tsaye kusa da su tun farko, kamar mai son faɗin wata magana, amma da aka gama sai ya koma cikin ragarsa bai ce komai ba. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Shi kuwa Haladu ya ɗauko kekensa, ya goya Isyaku, ya tura keken ta cikin rafi, ya kai shi har hannun kocin Hayi ya ce, “Ga amanarku.” A hanyar dawowa, shi kaɗai, ya tsaya a bakin rafi ya yi kuka. E, kuka, da gemunsa. Kada ku ɗauka gaskiya ba ta da ciwo, jama'a. Tana da shi.

Daga ranar gari ya juya masa baya. Ya wuce majalisa a ce, “Ga Koci Mai Fatiha nan!” a bushe da dariya. Wasu suka daina sayen hatsinsa. Duk ranar da aka ji Guguwa ya ci wa Hayi ƙwallo, sai an zo har rumfarsa an yi masa albishir. Matarsa ma ta ce, “Malam, kai da ka yi rainon yaro, ai kai ka fi cancanta.” Ya ce, “Na fi cancanta, amma an riga ni.” Ya ci gaba da zuwa fili, ya ci gaba da busa usur, ya ci gaba da tsinto ƙwallo daga gonar mutane. Da ƙyar da jan ciki suka riƙa tsira, yau kunnen doki, gobe a sha kashi, jibi a ci da ƙwallo ɗaya, kuma kusan kullum Lawandi ne ke fitar da su kunya.

Har aka zo wasan ƙarshe. Da wa? Da Hayi mana! In an yi kunnen doki Gangare ta tsira, in an ci su, fili ya zama shaguna. Har bulo Alhaji ya sa aka sauke a gefen fili don kowa ya gani.

Aka take wasa. Ba a jima ba Guguwa ya yanke 'yan baya kamar ba mutane a wurin, ya zura. 'Yan kallo suka juyo kan Haladu: “Ka gani ko, Mai Fatiha!” Bayan hutu Allah ya taimaka, ɗan wajen ƙanwar Alhajin nan, wanda bai taɓa cin ko ɗaya ba, ƙwallo ta bugi gwiwarsa ta shige. Ɗaya da ɗaya. Ana dab da tashi, mutane har sun fara kabbara, sai wani ɗan bayan Gangare ya sa hannu. Fenareti. Wa zai buga? Guguwa.

Haladu ya dubi bulon nan, ya dubi turakun da ya kafa da hannunsa, ya ce a ransa, “Ya Allah, ban yi nadama ba, amma ina jin tsoro.” Isyaku kuwa bai yi sassauci ba, don shi ma amanar rigarsa ce a wuyansa. Ya ja da baya, ya sheƙo, ya narka ta can kusurwa. Lawandi ya miƙe iya tsawonsa, ya doke ta da yatsu, ta fita waje. Alƙalin wasa ya busa tashi.

Alhamdu lillahi! Haladu sai ya zauna daɓas a ƙasa, ya saki wata ajiyar zuciya da ya daɗe yana riƙe da ita. Waɗanda suka yi ta zaginsa su ne suka ɗaga shi sama. Mutane ke nan.

Alhaji ya kutsa cikin taro ya rungume Lawandi. “Kai ne ɗan halak! Ka ceci ƙungiya duk da wautar kocinka.”

Lawandi ya zare jikinsa a hankali ya ce, “Alhaji, bari in gaya maka abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. A makon da aka yi rigimar Isyaku, wani attajirin Hayi ya aiko mini. Ni ma babur ya ce zai ba ni. Wallahi na riga na yanke zan tafi. Ranar da ka kawo Isyaku, sallama na zo yi. Na tsaya ina jira, na ce in Koci ya ba shi riga, to fatiha ba komai ba ce, tawa ma da aka shafa a zauren babana ta warware, gobe ina Hayi. Sai na ji abin da ya ce maka. Na ga ya goya yaron da ya fi so ya kai wa abokan hamayya. Kunya ta kama ni, na koma raga.”

Alhaji ya juya ga yaransa ya ce, “Ku kwashe bulon nan.” Sa'an nan ya je ya kama hannun Haladu da hannu biyu ya ce, “Malam Haladu, ka yafe mini.” Ran nan ne ya fara kiransa Malam.

To jama'a, kun ji. Da Haladu ya karɓi Guguwa, da ya samu mai ci ya rasa mai tsarewa, kuma da kowane yaro nasa ya gane cewa magana ba ta ɗaure kowa. Darasin a fili yake: addininmu ya hana ka shiga cinikin ɗan'uwanka bayan an ƙulla, kuma alkawarin da ka kiyaye wa wani, naka kake kiyayewa. Amma ku lura, lokacin da ya ƙi, bai san da maganar Lawandi ba. Bai yi don a tare masa fenareti ba. Ya yi ne don Allah, yana ganin asara ƙuru-ƙuru.

Kai da aka sallama wa maƙwabcinka fili ka zagaya da ƙari, da kai nake. Kai da ka ba mutum hayar shago da baki, wani ya zo ka ce ai ba a rubuta ba, da kai nake. Kai mai ɗauke wa abokin sana'arka yaron da ya horar, kada ka waiga, da kai nake. Akwai wanda ke tsaye kusa da kai bai ce komai ba, ɗanka ne ko yaron shagonka, yana jira ya ga abin da za ka yi da maganar wani, don ya san abin da zai yi da taka. Allah ya sa mu cika alkawari ko da a kanmu zai faɗo. Ku ce amin, ku tashi a tayar da sallah.