Sarƙar Inna Shatu Mai Kama da Tsabar Shinkafa

Ga ta nan, ga ta nanku. Ta zo mu saurara.

Akwai wata mata a garin Gadarif na ƙasar Sudan mai suna Munira. Ranar da aka kai ta ɗakin miji, mahaifiyarta Inna Shatu ta ɗaura mata sarƙar lu'ulu'u a wuya, wadda marigayi mahaifin Munira ya sayo a hanyar aikin hajji. Ƙwayoyinta ƙanana ne, wata doguwa, wata a karkace.

Wata rana a gidan biki wata mata ta taɓa sarƙar tana dariya. "Munira, shinkafar gidanku kika shirya a zare?"

Maganar ta zauna mata a zuciya. Ta tafi rumfar Ɗantsoho maƙerin zinariya a kasuwa, ta nuna wata sarƙa mai ƙwayoyi mulmulallu masu sheƙi.

Ɗantsoho ya ce, "'Yata, wannan ta teku ce. A cikin kawa, wata halittar ruwa mai ƙwanso, ake samun lu'ulu'u. Kawa ɗaya, ƙwaya ɗaya, shi ya sa take da tsada. Amma irin wannan da kika zaɓa fatarta ba kauri, dutsen kwalliya ne a ciki. Taki kuwa ta ruwan daɗi ce, kawa ɗaya takan ba da su da yawa, ba su fiye zama daidai ba, amma har cikinsu lu'ulu'u ne. Kuma duka biyun ba sa shiri da turare."

"Baba, ni mai kyau nake so."

Ta ba da sarƙar uwarta, ta ƙara da 'yan kunnenta na zinariya, ta karɓi ta teku. Kullum tana wuyanta, tana shafa humra a kanta, tana zama da ita cikin hayaƙin turare. Sannu a hankali sheƙin ya dushe, fatar ta fara ɓarewa a bakin hujin.

Ana nan sai Munira ta haifi 'ya mace. Inna Shatu ta bugo waya daga garinsu Showak, muryarta cike da murna. "Ranar suna ki sa sarƙar babanki. Ina so in ɗora wa jikata ita a ƙirji, ta ji ɗumin kakanta."

Munira ta ce to. Ga ta mai jego, ba halin fita. Ta duba ta tekun, ta ga ko bakin ƙofa ba za ta sa ta ba. Ta roƙi mijinta Hafizu ya je wurin Ɗantsoho ya karɓo tsohuwar sarƙar, ko me za a biya.

Ya dawo hannu wofi. "Ma'alesh, ki yi haƙuri, ya ce an saye ta tuntuni. Kuma ya rantse ba zai faɗi wanda ya saya ba."

Kwanakin nan ɗakin ya yi wa Munira kaɗan. Mata suna shiga barka, ita kuwa kunnenta yana kan ƙofa. Ta shirya ƙarya ta warware, ta sake shirya wata. Ta ce an sace? Sai a zargi maƙwabta. Ta ce ta tsinke? Sai a tambayi ƙwayoyin.

Ranar suna Inna Shatu ta iso, ta zauna bakin gado, ta dubi wuyan 'yarta.

"Ina take?"

Munira ta buɗe baki da niyyar ƙarya, sai hawaye ya riga ta. "Inna, na musanya ta. An yi mini dariya, na ji kunyarta."

Tsohuwar ta janye gefen laffayarta. Ga sarƙar a wuyanta.

"Ɗantsoho abokin babanki ne, shi ya sake mata zare kafin aurenki. Ranar da kika fita rumfarsa ya kira ni, na sayar da akuyata na fanso ta. Na zo da ita ne in ji me za ki ce. Da kin ce an sace, da na koma da ita Showak ba ki gani ba."

Ta ɗora ta a ƙirjin jaririyar. Munira ta miƙa hannu, Inna ta riƙe shi a hankali.

"Ba taki ba ce yanzu. Ta wannan ce, ajiya zan ba ki."

Ƙurunƙus, nan labarin ya sauka.

Darasi: Kada dariyar mutane ta sa ka wulaƙanta abin da iyaye suka ba ka don bai yi sheƙin na wasu ba. In kuma ka yi kuskure, faɗi gaskiya tun ƙofa tana buɗe. Ku tura wa 'yan'uwa su ma su karanta.