Dutsen da Ormar Ya Jira Faɗuwar Rana

Tun zamanin da mayaƙan Baikin ke ratsa tekun arewacin Turai cikin dogayen jiragen katako, an ce an yi wani sarki, Ormar Jan Gemu, gatari mai cin garkuwa, hadarin da ba ya sallama. Jirage arba'in gare shi, tsibirai tara sun bi shi, burinsa kuma mulkinsa ya kai inda ƙasa ta ƙare.

Mutum ɗaya ya hana shi sakat: Torgil, matuƙin jirginsa, ɗan masunta daga ƙuryar arewa. Duk sanda aka tsira daga guguwa, sai Ormar ya ji mayaƙa na cewa Torgil ya fid da su. Maroƙa ma in sun wasa sarki sau uku, a na huɗu sai sun sako matuƙi. Wannan na huɗun shi ke tsaya wa Ormar a maƙogwaro.

Kashe shi zai jawo tawaye. Sai ya ce zai yi masa kyauta bisa al'ada: mutum ya ɗauki wuta tun fitowar rana, duk ƙasar da ya kewaye kafin rana ta faɗi tasa ce. A ransa, tafiyar yini guda ai gona ce da 'yar bukka. Matuƙi ya koma manomi, a manta da shi.

Torgil ya roƙi a yi a yankinsu, tsakiyar lokacin zafi. Sarki ya dafa zoben rantsuwa a gaban jama'a.

"Ranka ya daɗe, sai ta faɗi?"

"Sai ta faɗi."

To, Ormar mutumin kudu ne. Ya sha jin cewa a can rana takan yi makonni ba ta faɗi ba, ya ɗauka ƙaryar masunta ce.

Ya hau dutse ya zauna. Rana ta gangaro kamar za ta taɓa ruwa, sai ta sake hawa. Ta kuma, ta kuma. Hayaƙin Torgil na ta nisa, kwari bayan kwari, mayaƙa kuma na sulalewa, wai za su taya shi ɗaukar itace. Ormar ya karya rantsuwa? Ba mai ƙara tuƙa masa jirgi. Haka ya zauna yana cizon gemu.

Sai da aka yi tsawon kwana arba'in ta faɗi. Ormar ya juya kudu da jirage shida.

Masu ba da labarin sun ce har yau mutanen wurin kan zaga gari da wuta duk shekara suna wasa Torgil. In sun iso dutsen sai su yi shiru, su ambaci Ormar sau ɗaya, su wuce.