Bindigar da Take Karkata Hagu

Akwai wani mutum maharbi a wani ƙauye da yake gindin dutse, wanda ya yi farautarsa duka da bindiga guda. Tun yana sabon magidanci ya saye ta. Da naman da ta kawo ya ciyar da gidansa, ya yi wa 'ya'yansa sutura, ya aurar da su. In gyado ya addabi gonakin gari, shi ake kira. In kura ta fara ɗaukar awaki, ƙofarsa ake bugawa. Ƙotar bindigar, wato itacen da ake dafawa a kafaɗa, ta sha man kaɗanya da gumin hannu har ta yi baƙi tana ƙyalli. Duk wanda ya gan ta sai ya so ya taɓa.

Amma bindigar nan tana da wani hali wanda ba wanda ya sani sai mai ita. Yawan harbi ya cinye cikin bututunta, hanyar da harsashi yake bi ta yi faɗi, har ya zama in an auna abu daidai, sai harsashin ya karkata hagu. Abin bai zo rana ɗaya ba. A hankali ya zo, maharbin kuma a hankali ya saba. In zai harbi barewa, sai ya auna ɗan dama da ita, harsashi ya je ya same ta. Mutane suna ta yabon hannunsa. Shi kansa ma ya daina ganin abin a matsayin aibi, ya ɗauke shi kamar halin tsohuwar abokiya.

Da tsufa ya zo, gwiwoyinsa suka ƙi hawan dutse, numfashi ya fara gaza masa a daji. Sai ya yi shawara ya sayar da bindigar, ya sa wa ɗakinsu rufin kwano kafin damina, gama rufin ciyawar ya daɗe yana yoyo.

Labari ya kai kunnen wani magidanci mai ƙuruciya, manomi a bakin kurmi, wanda garken gyado ya hana shi cin rogonsa. Ya zo ya durƙusa ya gaishe da maharbin, aka miƙa masa bindigar. Ya juya ta, ya shafa ƙotar, fuskarsa ta cika da murna.

Ya ce, “Baba, wannan ai ba sai an gwada ba, sunanta ya riga ta zuwa garinmu. In na sayar da riɗina zan dawo in ɗauka. Ina roƙo kada a ba wani.”

Maharbin ya ce, “To, ɗana, Allah ya kai mu.”

Da manomin ya tafi, sai zuciyar maharbin ta ƙi kwanciya. Ya san maƙerin bindiga na garin kasuwa zai iya cire tsohon bututu ya sa sabo, amma aikin zai cinye yawancin abin da zai samu, rufin kwano kuwa sai wata shekara. Ya kai maganar wurin wani abokinsa dillali.

Dillalin ya yi dariya ya ce, “Kai ma da neman wahala. Wanda ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa. Tsohuwar bindiga ya ce yana so, tsohuwa za ka ba shi. Ka shafa mata mai, ka karɓi abinka. In zuciyarka ta dame ka, ka ce masa ya riƙa auna dama kaɗan.”

Maganar ta yi wa maharbin daɗi a kunne, ya kama hanyar gida yana juya ta. Amma kafin ya kai ƙofa, ya tambayi kansa, “Dama kaɗan, kamar yaya?” In naman yana kusa, awon daban ne. In yana nesa, daban ne. In yana gudu, wani abu ne kuma. Wannan sani a hannunsa yake, ba a bakinsa ba, ba ya kuwa iya zuba shi a hannun wani. Ya kuma san gyado sarai. In harsashi ya same shi bai kashe shi ba, ba gudu yake yi ba, juyowa yake yi da haurensa a kan wanda ya harbe shi.

Ya tarar da matarsa tana tankaɗen gari a tsakar gida, ya zauna ya faɗa mata duka. Ta saurara, ba ta tsayar da hannunta ba sai da ya gama.

Sa'an nan ta ce, “Baban Rahila, damina nawa muka yi muna tara tasa a ƙarƙashin yoyo? Ƙarin guda ba zai kashe mu ba. Amma mutumin nan yana da mata da yara kamar yadda kake da su sa'ad da ka sayi bindigar. Ni dai ba zan ji daɗin zama a ƙarƙashin wannan kwano ba.”

Da safe ya rataya bindigar ya tafi garin kasuwa. Ko a hanya yana ta sa rai maƙerin zai ce a goge cikin bututun kawai, a ɗan gyara, magana ta ƙare da sauƙi. Maƙerin ya karɓa, ya ɗaga bututun wajen rana, ya leƙa ciki na ɗan lokaci.

Ya ce, “Baba, abin da ya cinye ba a mayar da shi. Ko na goge, hanyar ƙara faɗi za ta yi. Sai dai a sake sabo.”

Maharbin ya dubi bindigar, ya tuna da rufin ɗakinsa, ya ja dogon numfashi ya ce, “To, sake.”

Maƙerin ya kwance ƙusoshin da suka riƙe ƙarfe da itace, ya ɗaga bututun daga cikin ƙotar, abin da ba a taɓa yi ba tun da aka sayi bindigar. Ya juya shi ya dubi ƙasansa, wurin da itace yake rufewa. Sai hannunsa ya tsaya.

Ya ce, “Matso ka gani.”

Maharbin ya matso. A gindin bututun, daidai inda harsashi yake zama, daidai inda mai harbi yake jingina kumatunsa, akwai tsaga siririya kamar gashi, tsawonta ya kai yatsa. Ruwan sama da gumi sun daɗe suna shiga tsakanin itace da ƙarfe, tsatsa tana ci a ɓoye, a waje kuwa ƙota tana ƙyalli.

Maƙerin ya ce, “Yaushe rabonka da harbi da ita?”

Ya ce, “Kakar da ta wuce.”

Maƙerin ya girgiza kai ya ce, “Ban san abin da ya riƙe ta ba.” Ya ɗora bututun a kan uwar maƙera, ya ɗauki guduma ya buga sau ɗaya, ba ma da ƙarfi ba. Ƙarfen ya buɗe kamar busasshen kara.

Maharbin ya zauna a kan kututture. Ya kai hannu ya shafa kumatunsa na dama, ya shafa idonsa. Ya tuna da safiyoyin da ya kwanta a cikin raɓa ya manna fuskarsa a wannan wuri ya ja kunamar bindigar, ya tashi lafiya, ya saɓa nama ya koma gida yana jin shi gwani ne. Ya tuna da fuskar manomin nan mai murna, wadda da ita ce za a manna a wannan wuri nan gaba. Ya zo ne yana ganin shi zai yi wa wani alheri da hasarar kansa, ga shi ashe shi ne aka daɗe ana yi wa alheri bai sani ba.

Ya cire hularsa a nan cikin maƙera, a gaban masu jiran a gyara musu fartanya, ya sunkuyar da kai ya ce, “Na gode, ya Ubangiji. Ba gwanintata ba ce ta dawo da ni gida.”

Da ya koma ya faɗa wa matarsa, ta ajiye muciya, ta daɗe tana kallon fuskarsa kamar yau ta fara ganinta. Suka durƙusa tare a tsakar gida suka yi godiya.

Sa'ad da manomin ya sayar da riɗinsa ya dawo, bindigar tana nan da sabon bututu. Maharbin ya kai shi bayan gari, ya kafa sakaina a jikin suri, ya ce bari shi ya fara gwadawa. Ya dafa ƙota a kafaɗa, hannunsa ya yi abin da ya saba, ya auna ɗan dama. Harsashi ya tafi daidai inda aka aike shi, ya tayar da ƙasa a dama da sakainar. Tsohon ya tsaya yana kallo, sa'an nan ya yi dariya har da hawaye.

Ya ce, “Bindigar ta miƙe, saura ni. Karɓi, ɗana. Inda idonka ya nuna, nan za ka auna.”

Manomin ya auna daidai, ya harba, sakaina ta tarwatse. Sa'an nan maharbin ya zaunar da shi ya ba shi labarin karkatar da tsagar, bai rage kome ba. Manomin ya kama hannun tsohon da hannu biyu. A daminar nan ɗakin maharbin ya yi yoyo kamar kullum, shi da matarsa suka tara tasa, ba wanda ya ji gunaguni a bakinsu. Manomin kuwa ya ci rogonsa.

To, 'yan'uwa, ga ma'anar wannan misali. Bindigar nan rayuwar kowannenmu ce. Ƙota mai ƙyalli ita ce abin da mutane suke gani, wato kayanmu na ranar Lahadi, da gaisuwarmu mai kyau, da sunan da muka yi a gari. Ba laifi ba ne ƙota ta yi kyau, amma ba ƙota ce take aika harsashi ba.

Kowannenmu yana da karkatarsa, ya kuwa san ta. Wani saurin fushi ne, wata tsegumi ne, wani ɗan ƙarin gishiri a magana in ciniki ya zo. Mun zauna da abin har mun koyi yadda za mu auna ɗan dama don kada a gane. Muna cewa, “Ai halina ne, na san yadda nake bi da shi.” Amma rayuwarmu ba a hannunmu take tsayawa ba. 'Ya'yanmu suna karɓarta, ƙannenmu suna karɓa, sababbin masu bi suna karɓa. Karkatar suke gāda, dabarar ɓoyewar ba ta bin su. Uban da ya iya riƙe fushinsa a gaban baƙi ya sake shi a cikin gida, ɗansa zai sake nasa a ko'ina.

Maƙerin shi ne Ubangijinmu Yesu. Sau da yawa muna zuwa wurinsa kamar maharbin nan, muna fatan ya ɗan goge mu ya sallame mu. Shi kuwa ba faci yake yi ba. Alkawarin Allah ga mutanensa shi ne zai cire tsohuwar zuciya ya sa sabuwa. Sai mun yarda ya kwance mu, ya ɗaga ƙarfe daga itace, sa'an nan abin da yake ɓoye har ga idonmu yake fitowa fili. Ku lura, maharbin bai je maƙera saboda tsagar ba, gama bai san da ita ba. Ƙaramin aibin da ya sani ya kai, saboda ƙaunar maƙwabcinsa, a can ne aka nuna masa babban. Wanda ya yi biyayya a kan abin da ya sani, Allah yakan cece shi daga abin da bai sani ba.

In kuwa an ba ka sabuwar zuciya, kada ka yi mamaki in hannunka ya ci gaba da auna dama na ɗan lokaci. Tsohon sabo ba ya fita rana ɗaya. Ka yi haƙuri, ka koyi tafiya a miƙe.

Amma abin da nake so ku tafi da shi gida yau shi ne godiya. Mukan gode wa Allah don hatsarin da muka gani ya wuce mu, motar da ta kauce, zazzaɓin da ya sauka. Waɗanda ba mu gani ba fa? Shekara nawa muka yi muna manna fuskarmu a kan tsaga, muna tashi lafiya, muna yabon hannunmu? Ba don ƙarfen yana da kyau ba ne, jinƙansa ne ya riƙe shi, yana ba mu lokaci mu zo maƙera da ƙafafunmu. Saboda haka kafin kowa ya tashi daga bencinsa, bari mu sunkuyar da kai, kowa ya gode wa Allah don ceton da aka yi masa bai sani ba, sa'an nan ya kira karkatarsa da sunanta, ya miƙa ta a hannun Maƙerin.