Shugaba Gauraka da Yaƙin Fadamar Gamji

An taɓa yin wani Gauraka a Fadamar Gamji, inda tsuntsaye iri-iri suke zaune kewaye da tafki guda ɗaya. Dogo ne, kyakkyawa, mai tukku ruwan zinariya, sai dai akwai shi da girman kai. Yana da wata ƙawa tun ta ƙuruciya, Zabuwa, wadda ba ta iya ganin gaskiya ta yi shiru. Can bayan fadamar kuma, cikin wani kogon dutse, akwai Muzuru, wanda cikinsa bai san ƙoshi ba.

Tsuntsayen fadamar kashi biyu ne. Akwai 'yan ruwa, su agwagi da zalɓe, akwai kuma 'yan tudu, su zabi da fakaru. Shi Gauraka yana kiwo a tudu, yana kuma shiga ruwa, saboda haka kowane ɓangare ya ɗauke shi nasa. Tun yana saurayi shi ake kira rabon faɗa. Da aka tashi neman shugaba, ba a sha wahala ba, aka zaɓe shi ya yi damina uku ya sauka.

Da farko ya yi abin kirki. Ya ware mashaya, ya hana a taka ƙwan kowa, aka zauna lafiya.

A shekara ta uku sai ruwan sama ya ɗauke da wuri. Tafki ya fara janyewa, lokacin saukar Gauraka kuma ya matso. Yakan ce a ransa, "In na sauka, wa zai ƙara rusuna mini? In koma tsintar fara kamar kowa?"

Ya tara tsuntsaye ya ce, "Ba a canja shugaba cikin fari. Zan ci gaba har abubuwa su daidaita."

'Yan tudu suka yi masa guɗa, 'yan ruwa suka yi gunaguni. Gauraka ya ji haushin gunagunin, ya ɗauki gefen tafki mai zurfi ya ba 'yan tudu, ya bar wa 'yan ruwa taɓo.

Babba a cikin 'yan ruwa ita ce Dinya, wata ƙatuwar agwagwar daji mai ƙaya a fukafukanta. Ta ce, "Mu da aka haifa cikin ruwa za a hana ruwa? Ba mu yarda ba!" Kwana uku bayan nan aka gwabza faɗan farko a bakin tafki. Aka fasa ƙwai, aka karya fukafukai, waɗanda jiya suke kiwo tare suka zama abokan gaba.

Gauraka ya koma can ƙololuwar gamji, ya daina saukowa. Ganye ya faɗo, sai ya zabura. Inuwar gajimare ta gifta, sai ya ɗauka rundunar Dinya ce. Abinci ya daina shiga, wuyansa ya ƙara tsawo don rama. Kullum tambayarsa ɗaya ce: "Sun iso ina? Su nawa ne? Sunana suke kira?"

Wata safiya Zabuwa ta hau har inda yake, tana haki.

Ta ce, "Malam Gauraka, daga wajen Dinya nake."

"Shugaba za ki ce! Kuma wa ya aike ki wajen 'yan tawaye?"

"Ba wanda ya aike ni, gawarwaki na gaji da gani. Ta ce ka sauko a zauna a gindin bishiyar nan, a raba ruwa daidai. Ran da aka yi ruwan farko ka sauka, a zaɓi wani. In ka yarda, yau za a daina faɗa."

Zuciyar Gauraka ta ce masa ya karɓa, don shi ma tsoro ya ishe shi. Amma da ya hango kansa a tsugune gaban agwagi, sai ya miƙe wuya.

Ya ce, "Ni in zauna da masu wanka a taɓo? Ki gaya mata ta zo ta nemi gafara tukuna."

"Haba Gauraka! 'Ya'yan mutane ne fa suke mutuwa!"

"Sauka ki ba ni wuri!"

Ashe Muzuru ya sato jiki ya shigo, yana laɓe a gindin gamji, ya ji komai. Da Zabuwa ta sauka ta koma gefe tana faɗa, sai ya fito yana lumshe ido.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, babba irinka bai kamata agwagi su hana shi sakewa ba. Ka ba ni izinin shiga fadama, kwana bakwai kacal, in share maka su. Ba na neman komai, ganin girmanka kawai nake yi."

Zabuwa ta juyo a guje. "Kada ka yarda! Muzuru bai san ɗan ruwa ba, bai san ɗan tudu ba. Shi dai mai gashin tsuntsu ya sani!"

Muzuru ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan mai surutun ita ke mulki, ko kai?"

Maganar ta soki Gauraka. Ya ce, "Na ba ka izini. Ku masu gadi, ku buɗe masa hanya. Duk wanda ya yi masa kuwwa ya saɓa mini."

A kwanakin farko Muzuru ya yi ta kama 'ya'yan agwagi a bakin taɓo. 'Yan ruwa suka gudu tsakiyar tafki, inda ba ya iya kai wa. Da ya rasa na ruwa, sai ya juya kan na tudu. Yau a nemi ɗan fakara a rasa, gobe a tarar da gashin zabo a bayan ciyawa.

Kwana bakwai suka wuce, aka shiga na ashirin. Gauraka yana hangen komai daga sama. Masu gadinsa suna raguwa ɗaya bayan ɗaya. Masu zuwa gaisuwa suka ɗauke ƙafa. Ya so ya aika a kira Zabuwa, kunya ta hana shi.

Wata rana da azahar ƙishirwa ta matsa masa, ba kuma wanda ya rage da zai kawo masa ruwa. Ya duba gabas, ya duba yamma, ya sauko a hankali. Ya sa baki a tafki ke nan sai ya ji murya a bayansa.

"Ranka ya daɗe, an sauko?"

Muzuru ne, ya yi ƙiba har cikinsa na jan ƙasa.

Gauraka ya ce, "Aikinka ya ƙare. Na sallame ka, ka koma kogonka."

Muzuru ya yi dariya. "In koma? Ƙananan duk sun ɓuya, na gaji da tono su. Kai kuwa tun ran farko nake lissafin cinyoyin nan naka."

Kafin Gauraka ya buɗe fukafukai, Muzuru ya daka tsalle ya cafke na dama. Ƙashi ya yi ƙara. Gauraka ya yi ta ihu, "Jama'a ku taimaka! Shugabanku ne!" Ba wanda ya motsa. 'Yan tudu suna cikin ciyawa, 'yan ruwa suna tsakiyar tafki, kowa na kallo.

Sai ga Zabuwa ta hau kan wani kututture ta ɓarke da kuwwa. "Ku fito! Ba don shi ba, don 'ya'yanku! In ya gama da shi, kanku zai dawo! Dinya, ki fito! Fakaru, ku fito!"

Dinya ce ta fara tasowa. Ta zo da ƙarfinta ta maka wa Muzuru fiffike a fuska. Zabi suka rufe shi ta baya, zalɓe ya kai masa sara a wuya. Muzuru ya saki Gauraka ya nemi gudu, amma ƙiba ta hana shi. Ya zame ya afka cikin taɓo, ya yi ta nutsewa yana kururuwa har taɓon ya rufe kansa.

Gauraka ya miƙe da ƙyar, fiffike na reto. Ya gyara murya ya ce, "Jama'ata, a matsayina na shugabanku, ina..."

Wata fakara ta ratso taro ta tsaya a gabansa. Ta ce, "'Ya'yana bakwai ne. Ni 'yar tudu ce, ni na fi kowa yi maka guɗa. Ina 'ya'yana?"

Gauraka ya dubi Zabuwa ko za ta cece shi, ta kawar da kai.

Nan take, ba tare da an nemi ra'ayinsa ba, Dinya da Zabuwa suka zauna da sauran manya, aka raba ruwa daidai, aka sa ranar sabon zaɓe. Ba wanda ya taɓa Gauraka, ba kuma wanda ya sake kallonsa. Da yamma ya ja karyayyen fiffikensa ya nufi ƙarshen fadama. A can ya ƙare rayuwarsa shi kaɗai, kuma har ya mutu, in ya hango fakara tafe sai ya canja hanya.

Darasin da za mu ɗauka daga wannan labari shi ne, shugabanci amana ce ta ɗan lokaci, kuma wanda ya ƙi sauka don girman kai yakan jawo wa jama'arsa bala'i kafin ya jawo wa kansa. Yara, in saɓani ya shiga tsakaninku da 'yan'uwanku, ku zauna ku sasanta tun da wuri, ku saurari mai faɗa muku gaskiya ko da ta yi ɗaci. Kada ku gayyato mugu don ya rama muku, domin in ya gama da abokin faɗanku, kanku zai juyo.