Tafin Ƙasar da Teku ta Bari

Akwai wani direba a Riyad mai suna Tamimu, mutumin Gusau. Wajen 2016 ne abin ya faru. Su shida ke kwana a ɗaki guda a unguwar Manfuha, katifa na gogar katifa. Wanda ke kusa da shi Buraima ne, birkila, Bahaushen Ghana daga wani zango a bakin teku. Mutum ne marar hayaniya.

Tamimu bai taɓa ganin teku ba sai ta tagar jirgi. Duk sanda Buraima ya ce ruwa na cin garinsu, dariya yake yi.

"Kai ɗan zango, teku kura ce da za ta ci gari?"

"Malam Tamimu, layi uku na gidaje sun tafi tun ina yaro. Kowace shekara ruwan ƙara hawa yake yi."

"To ku shanye shi mana, ku huta."

Buraima sai ya yi murmushi ya juya fuskarsa bango.

Ana nan, abubuwa suka fara cakuɗe wa Tamimu. Cikin wata guda sau biyu yana buga motar kafil ɗinsa, wato uban gidan da ya kawo shi. Ga ciwon kai da ya ƙi sauka. Maimakon ya je asibiti, sai ya kira wani mai duba a gida. Kun san halin mutanenmu. Mutumin ya ce masa aiki aka yi masa da ƙasar kabari, kuma mai aikin kusa da shi yake kwana.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, Buraima ya biya kanti sayen burodi. Tamimu ya riga shi ɗaki, ya ɗaga katifarsa. Sai ga farin ƙyalle an ɗaure da zare. Ya latsa, ya ji ƙasa.

Ya kira biyu daga cikin abokan kwanansu ya nuna musu. Buraima na shigowa, aka rufe ƙofa.

"Mene ne wannan?"

Ledar burodin ta faɗi daga hannun Buraima. "Don Allah ajiye min. Kada ka kwance."

"Tambaya ɗaya zan yi maka. Ta kabari ce ko ba ta kabari ba?"

Buraima bai iya ƙarya ba. Ya ce, "Ta kabari ce. Amma ka saurare ni..."

Bai kai ƙarshen maganar ba. Tamimu ya zare bel ya zuba masa a fuska da wajen ƙarfen. Girarsa ta tsage, jini ya rufe masa ido. Sauran biyun suka danne shi a jikin firji, suna naushi, suna cewa ya faɗi wanda ya aiko shi.

Abin da ya fi tsaya min a rai, jama'a, Buraima bai kare kansa ba. Hannunsa kawai yake miƙawa wajen ƙullin.

Tamimu ya ga hannun nan na tahowa. Ya fizgo guntun rodin da suke tokare taga da shi, ya sauke a wuyan hannun. Har waɗanda suka danne shi sai da suka ja baya, don sun ji ƙarar ƙashi.

Daga nan ya wuce banɗaki. Ya tsinke zaren, ya zazzage ƙasar a masai, ya kora ruwa har sau uku. Ya fito yana cewa, "Halas, shi ke nan. Asirinka ya karye."

A lokacin ne Baba Maiwada ya bankaɗo ƙofa. Shi ne dattijon ɗakin, ya tsaya gaisuwa a masallaci. Ya ture su ya tsugunna kan Buraima.

"Kun haukace ne? A ƙasar mutane za ku yi kisan kai?"

"Baba, matsafi ne. Da bakinsa ya amsa."

Buraima ya tofar da jini ya ce, "Baba, wayata. Saƙon Jamilatu."

Jamilatu ƙanwarsa ce. Baba Maiwada ya buɗe bidiyon da ta turo, duk suka leƙa.

Maƙabarta ce a bakin teku. Igiyar ruwa ta zo ta daki gefen, ƙasa ta zabtare da kaburbura a jere. Farin likkafani na yawo a saman ruwa. Maza na haƙa da shebur da hannu, suna kwashe waɗanda za su iya kwashewa zuwa tudu.

Sai muryar Jamilatu, tana haki. "Yaya, ba mu kai ga Inna ba. Ruwa ya riga mu. Gidan ma ya tafi tun Talata. Tafi ɗaya na iya damƙowa daga bakin kabarinta kafin ya rufta. Zan ba mai dawowa Riyad ya kawo maka."

Rodin ya sulale daga hannun Tamimu.

Maƙwabta sun ji ihu, sun kira askar, wato 'yan sanda. Da aka zo da maganar sihiri, Buraima ya kusa shiga wani bala'in, don a can ba a wasa da wannan zargi. Bidiyon da shaidar Baba Maiwada ne suka fitar da shi. Aka tafi da mutum ukun.

An sa wa hannun Buraima ƙarfe. Likita ya ce da wuya ya sake riƙe cokalin gini kamar da. Duk da haka, da aka kawo masa takardar yafe haƙƙinsa, Buraima ya dangwala da yatsan hagu. Amma kafil ɗin Tamimu ya ce shi kam ya gama da shi, ya soke iƙamarsa, wato takardar zamansa a ƙasar, aka ce Tamimu ya koma gida. A binciken da aka yi masa a tsare ne aka gano hawan jini ke sa shi jiri a kan sitiyari.

Kafin ya tashi, Baba Maiwada ya rako shi asibiti. Tamimu ya durƙusa a bakin gado yana kuka.

"Buraima, ka faɗi abin da zan yi. Ko Ghana zan je in ɗebo maka wata."

"A ina za ka ɗebo? Wurin yanzu kwale-kwale ke wucewa ta kai."

Tamimu ya kifa kansa a katifa.

Buraima ya ce, "Tashi, Malam Tamimu. Hannuna na yafe maka. Ita kuwa teku, duk rashin imaninta, sai da ta bar min tafi ɗaya na uwata. Kai ka ƙarasa mata aikin."

Darasi: Na san malamai za su ce ajiye ƙasar kabari ba koyarwar addini ba ce, ban musa ba. Amma nasiha ake yi wa mai kuskure, ba a ɗaukar masa rodi. Masifar da ba ta zo garinku ba, kada ka ƙaryata wanda ta cinye nasa. Kuma ka bari mutum ya ƙarasa maganarsa kafin hannunka ya tashi. 'Ya'yanmu na can ƙasashen mutane suna kwana da waɗanda ba su san ciwonsu ba, ni abin na hana ni sukuni. Ku tura musu wannan, ku tura wa duk uwar da ɗanta ke waje.