Ramammiyar Saniyar da Maman Lawali Ya Raina

Akwai wata likitar dabbobi a Maraɗi mai suna Tahira, ɗiyar wani manomi ɗan Jiratawa da ake kira Nomau. Kullum da safe takan hau kabu-kabu da akwatin ƙanƙara zuwa mahauta, ta tattara 'yan jakunkunan ƙwai da ke maƙale a jikin mahaifar shanun da aka yanka, abin da mahauta ke jefa wa karnuka.

A labo, wato ɗakin gwaje-gwaje, take zuƙo ruwan da ke kewaye da ƙwan. A cikinsa akwai wasu ƙananan abubuwa da ido ba ya gani, sunansu mikro-ARN. Kamar 'yan saƙo suke, suna tsawata wa ƙwan a kan abin da zai yi da wanda zai bari. Tahira na son gane daga yanayinsu wane ƙwai ne zai nuna ya zama maraƙi, wane ne zai lalace.

To, akwai Alhaji Maman Lawali, mai garke a Tibiri, mutum mai ji da kansa ainun. Wata rana ya gan ta tana tsintar kayanta, sai ya tara mahauta ya ce su yi hattara: ubanta ɗan bori ne, tsafi take haɗawa don shanun mutane su daina haihuwa. Kafin ta buɗe baki an kifar da akwatin a kwata, an kore ta da jifa. Har cikin unguwar Zariya ta Maraɗi aka riƙa nuna ta da baki.

Wallahi Tahira ba ta yafe ba. Ba jifan ne ya fi ci mata rai ba, sunan ubanta da aka ja a ƙasa ne. Ta ƙudure a ranta sai bakin da ya ɓata sunan ya wanke shi.

Bayan shekara guda garken Alhaji ya tsaya cik, shanu sun yi ɓul-ɓul da dusa da ƙuli-ƙuli amma babu maraƙi. Ma'aikatan kiwo suka zo suka zuƙi ruwan ƙwan shanunsa goma sha ɗaya, suka kai labo. Wa ke labon? Tahira.

Goma masu ƙiba duk alamarsu ba daɗi, ƙiba da zafin rana sun gigita ƙwan. Guda ɗaya ce tak alamarta ta yi kyau, wata ramammiya mai karyayyen ƙaho. Sai ga labari cewa ita Alhaji zai kai mahauta ranar Litinin, wai tana ɓata masa garke.

Tahira ta yi niyyar yin gum a yanka ta, garken ya mutu murus. Nomau ya ce a'a, saniyar ba ta zage shi ba, ta je ta faɗi gaskiya. Sai Tahira ta yi wani murmushi da ba na alheri ba. Ta san Alhaji sarai: duk abin da ta faɗa a gaban jama'a, akasinsa zai yi.

Ranar Litinin ta tsaya a ƙofar mahauta, a gaban mutanen da suka jefe ta, ta ɗaga murya.

"Alhaji, kada ka rabu da wannan. Gwajinmu alama ce, ba hukunci ba, amma duk garkenka ita nake sa wa rai."

Kai, ina! Ya ji maganar ɗiyar Nomau a gaban jama'a? Ya tuntsire da dariya ya ce idan aljanun gidansu ne suka faɗa mata, ubanta ya saya. Nomau kuwa yana gefe riƙe da igiya, ya ce ya saya.

A Jiratawa saniyar ta samu inuwa da ɗanyar ciyawar fadama. Kafin wata goma sha huɗu ta haifi maraƙa ja mai lafiya. A Tibiri kuwa shiru, sai ɓari guda biyu.

Alhaji ya wanke ƙafa har Jiratawa. Ya gaida Nomau da hannu biyu, ya kira Tahira Dokta, ya roƙe ta ta duba masa sauran shanun. Ba ta ko yi masa tayin tabarma ba.

"Zan duba, Alhaji. Amma ba a nan aka kifar da akwatina ba."

Washegari ya tsaya a bakin kwatar nan, gumi na tsiyaya, ya shaida wa mahauta ƙarya ya yi wa ɗiyar Nomau da ubanta. Tahira ta ce na baya ba su ji ba. Ya maimaita. Sannan ta miƙa masa akwatin ƙanƙarar, shi ya ɗauko mata har bakin kabu-kabu.

Darasi: Kada ka kira abin da ba ka fahimta ba tsafi, kuma kada girman kai ya toshe maka kunne don gaskiya ta fito daga bakin wanda ka wulaƙanta. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman masu kiwo, ko wani zai ji kafin ya miƙa igiyarsa.